Katse Sabis Ba Maganin Ɓarayin Daji Ba Ne

Duk lokacin da aka kai hari a wani ƙauye na gabashin Sakkwato, kafin a tashi daga zaman makoki sai tsohuwar maganar ta dawo majalisu da teburan masu shayi: “Gwamnati ta yanke sabis kowa ya huta, da waya ake cin amanarmu.” Wani ma zai ƙara da cewa talakan ƙauyen Lahodu me ya haɗa shi da intanet, in ba kallon TikTok da lalata tarbiyyar yara ba? Na gaji da jin wannan magana, musamman daga bakin dattawan da suka ga abin da ya faru a 2021 da idonsu.

A gurguje, ga inda duniya ta tsaya. A 2012 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar cewa haƙƙin da mutum yake da shi a zahiri yana nan daram idan ya hau intanet. A 2016 ta yi tir da katse intanet da gangan. Ƙudurorin ba doka ba ne da za a ɗaure wani a kansu, amma abin dariya da ban haushi shi ne Nijeriya na cikin ƙasashen da suka jagoranci gabatar da su, tare da Birazil da Suwidin da Tunisiya da Turkiyya da Amurka. Finlan ta wuce nan, tun 2010 ta mayar da samun intanet haƙƙin kowane ɗan ƙasa a dokance. Akwai masu ja. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro intanet ɗin, ya rubuta a 2012 cewa fasaha hanya ce ta kaiwa ga haƙƙi, ba ita ce haƙƙin ba. To, su je su yi ta muhawararsu. Ni ba data kyauta nake nema wa kowa ba. Abu biyu ne: kada a yanke wa mutane layi da gangan, kuma a kai shi inda bai kai ba.

Mu koma kan maganar da ta dame ni.

A farkon Satumba 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a Zamfara baki ɗaya, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle. Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13. Kafin watan ya ƙare Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da rufewa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Sakkwato, har da Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni. Dama an riga an rufe hanyar Marnona zuwa Isa, an hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin, an taƙaita sayar da man fetur. Da yawanmu mun yi tafi, muka ce ƙarshen ɓarayin daji ya zo.

Ranar Lahadi, 17 ga Oktoba 2021, ’yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo. Gwamnatin jiha da kanta ta ce mutum 43 aka kashe. Babu sabis a ranar. Maharan sun tsara abinsu ba tare da layinmu ba, sun taru, sun zo, sun tafi. Wanda aka hana wa waya shi ne ɗan kasuwar da ke kwance cikin jini, da ɗan’uwansa da ke neman motar da za ta kai shi asibiti, da mutumin ƙauyen da ya ga jerin babura sun wuce amma ba shi da hanyar cewa “ku watse, ga su nan tafe.” Kwanaki kaɗan bayan haka Gwamna Tambuwal, wanda ya sanar da rufewar, ya dawo yana roƙon gwamnatin tarayya ta buɗe, yana mai cewa jami’an tsaro ma sun koka cewa rashin layin na kawo cikas ga aikinsu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan bindiga yana da kuɗin fansa a aljihu, yana da babur, ya san daji. A garuruwan da ke kusa da iyaka sabis ɗin Nijar yana shigowa, kuma NCC ba ta da iko da shi. Layin Nijar kawai zai saya. In ma babu, zai tura yaro a kan babur da saƙo. Shi kuwa manomin tafarnuwa a fadamar Wurno ba shi da wata dabara sai ’yar wayarsa mai madanni da aka ɗaure da roba.

Ban musa cewa akwai infoma a cikinmu ba. Akwai su, Allah Ya tona asirinsu, kuma da waya suke aiki. Amma ba a cike rijiyar gari don an ga ɓarawo ya sha ruwa a cikinta. Tun Disamba 2020 aka tilasta mana haɗa layukanmu da lambar NIN, tsofaffi suka yi ta kwana a layi don yin rajista, aka ce da haka za a riƙa gano mai laifi ta lambarsa. To a gano shi mana. Layin da yake aiki ana iya bin sawunsa, layin da aka kashe ba ya nuna komai.

Sai masu cewa talaka bai rasa komai ba. Wa ya mayar da rayuwar talaka cikin waya? Ba shi ya nema ba. Tun 2015 jarabawar JAMB ta koma kwamfuta, kuma da layin waya ɗalibi ke karɓar lambar rajista. Neman aikin soja, neman bashin karatu na NELFUND, duba sakamakon jarabawa, duk ta intanet. A farkon 2023, da tsabar kuɗi ta ɓace bayan an canza fasalin naira, mai kayan miya ma sai da ya koyi karɓar tiransifa. Je ka kasuwar Achida ka tsaya kusa da rumfar mai POS ka gani: dillalin shanu yana tsaye da hannu a ƙugu yana jiran alat kafin ya saki igiya, ga wata tsohuwa ta zo da lambar asusu rubuce a gefen kwali, ɗanta mai sayar da albasa a Legas ya turo kuɗin cefane. Yaron POS ya ɗaga na’urar sama, ya juya gabas, ya juya yamma, yana neman sanda ɗaya ta sabis. In babu, ranar ba a ɗora tukunya a gidan tsohuwar nan. A 2021, da aka yanke sabis, mutane suka koma ba direbobi wasiƙa a tasha, wasu suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa birnin Sakkwato don kiran minti biyu kacal. Gwamnatin da ta ɗora karatu da kuɗi da neman aiki a kan layin waya, in ta yanke layin, su ta yanke. Wannan kuwa ko Vint Cerf ba zai musa ba.

Doka ma ba ta bar mu haka ba. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa ’yancin karɓar labari da isar da shi. Gaskiya ne sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, amma ta hanyar doka mai hujja, ba da wasiƙar ofis ba. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa Togo ta keta haƙƙin jama’arta da ta katse intanet a 2017, sannan a Yuli 2022 ta ce rufe Twitter da Nijeriya ta yi na tsawon wata bakwai ya saɓa wa doka.

Tsadar data, rashin lantarki da ƙarancin karatu su ma suna hana mutane shiga, amma wannan zancen wata rana ne.

Yanzu me ya rage namu? Na farko, mu daina kiran abin da zai cuce mu. In ka ji ana cewa a yanke sabis, tambayi mai maganar yadda zai kira mota in matarsa ta fara naƙuda da tsakar dare. Liman da ke da mumbari da hakimi da ke da fada su taimaka a nan, don maganarsu ta fi tawa shiga. Sannan mu tsare eriyar da muke da ita. Abin kunya ne a ce ’ya’yanmu ne ke satar batir da man gas a gindin turken sadarwa, su jefa ƙauyuka goma cikin duhu saboda kuɗin da ba zai kai su sati ba. Mai sayen kayan satar kuma ya san kansa. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. Inda kuwa babu sabis sam, akwai asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa musamman don kai layi karkarar da kamfanoni ba sa ganin riba a cikinta. Ƙungiyoyin ci gaban gari su rubuta takarda, mai unguwa da dagaci su sa hannu, a bi ta kan kansila da ɗan majalisar tarayya, a ajiye kwafi, a riƙa tuni. Mun iya haɗa gayya don neman taransifoma, wannan ma haka ake nemansa.

Mu kuma gyara yadda muke amfani da shi, don kada mu ba masu son rufewa hujja. Kada ka yi wa kowa rajistar layi da sunanka, ko ɗan ɗakinku ne. In aka yi ɓarna da shi ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Ka ga motocin sojoji sun wuce, ba sai ka ɗauka ka sa a Facebook ba. Saƙon murya na WhatsApp mai cewa “ga su nan sun shigo” wanda ba ka san mai shi ba, ba ka san ranarsa ba, kada ka tura shi gaba. Kira wani da ka sani a garin tukuna, don tsohon saƙo ya sha tayar da kasuwa a banza. Lambobin DPO da shugaban ’yan sa-kai da direban da za ka iya tasa da dare, a rubuta su a takarda a ajiye, a koya wa matan gida yadda ake kira, domin sau da yawa su ake bari a gida in maigida ya tafi fadama.

In kuma wata rana hukuma ta dage sai ta rufe, to wakilanmu su nemi a faɗa a rubuce: wace doka ta ba da izini, waɗanne garuruwa, kwana nawa, wane layi za a bar wa asibitoci da jami’an tsaro, da ranar da za a buɗe.