Masaukin Alfarma a Tsibirin Jerba

Magidancin da ke son kai iyalinsa hutu a Bahar Rum, mukan nuna masa tsibirin Jerba na Tunisiya, wanda UNESCO ta sanya wuraren tarihinsa cikin gadon duniya a 2023. Manyan otel-otel na jere a bakin teku kusa da Midun. Akwai jin daɗi, sai dai galibinsu ana sayar da giya, wurin ninkaya kuwa maza da mata a cakuɗe.

Mu dai hankalinmu ya fi kwanciya da tsofaffin gidajen Erriyad da masaukan fatake na Humt Suk da aka gyara: farin bango, tsakar gida a killace. Ɗakunansu kaɗan ne, a kama tun kafin Yuli. Kafin a biya, a tambaya ko ana ba iyali gidan dukansa.