BINDIGA BA TA SAN MAI ITA BA

Garin Ushafa, wanda ke gindin duwatsu a Ƙaramar Hukumar Bwari ta Birnin Tarayya Abuja, ya yi suna wajen ginin tukwane, da madatsar ruwan Usuma, da kuma ziyarar da Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai can cikin watan Agusta na 2000. Amma bayan gari akwai gonaki da daji, inda akwai daji kuwa ba a rasa maharba. Da masu satar mutane suka addabi yankin Bwari, musamman a farkon 2024, sai bindigar farauta ta zama abin tsaron gida a hannun 'yan banga. Haka nan a Ikko da Badun da Fatakwal, 'yan Arewa da yawa suna kwana gadi a ƙofar gidajen mutane, waɗansunsu da bindiga a gefe. Saboda haka maganar ɗura bindiga da riƙe ta ba ta soja ce kaɗai ba.

Akwai babban darasi game da wannan a tarihin libarba, watau ƙaramar bindigar nan ta hannu da aka saba gani a sinimar kaboyi. Wadda ta fi shahara ita ce ta kamfanin Colt, wadda sojan Amurka suka soma aiki da ita cikin 1873. Tana da gida mai juyawa mai ramukan harsashi 6. A bayanta akwai 'yar guduma wadda sai an ja ta baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Aikin kunama guda ɗaya ne tak, watau sakin gudumar.

In za a ɗura ta, sai a ja gudumar zuwa rabi don gidan harsashi ya sami juyawa, a buɗe wata 'yar ƙofa da ke gefen dama, a riƙa sa harsashi ɗaya bayan ɗaya. To, ga inda gizo ke saƙar: idan aka cika ramukan duka aka sauke gudumar, tsinken da ke bakinta zai zauna daidai kan gindin harsashi. Bindigar ta faɗi ko wani abu ya buge ta, sai ta tashi, ko da ba wanda ya taɓa kunama. An yi mata wani ɗan maƙali da ke ɗaga gudumar kaɗan, amma ƙarfen siriri ne, bugu mai ƙarfi yana iya karya shi. Cikin watan Janairu na 1876, a garin Wichita, libarbar sanannen ɗan sandan nan Wyatt Earp ta zame masa ta faɗi, ta tashi, harsashin ya huda rigarsa. Kwana ne kurum ya sa ya tsira.

Wannan ya sa masu hankali suka fito da dabara: bindiga mai cin shida, biyar ake ba ta. A sa ɗaya, a tsallake rami ɗaya, a sa huɗu, sa'an nan a ja gudumar har ƙarshe a sauke ta sannu a hankali bisa ramin da ba kome. Watau tsaron tsohuwar libarba ba a jikinta yake ba, yana cikin kan mai riƙe da ita.

Daga baya maƙera suka sa hankalin cikin ƙarfen. Kamfanin Iver Johnson ya soma tun wajen 1894, sa'an nan cikin 1973 kamfanin Ruger ya fito da sabon samfurin irin ta kaboyin mai wani ɗan ƙarfe tsakanin guduma da tsinke. Ƙarfen nan ba ya tasowa sai an ja kunama har ƙarshe, kuma in bai taso ba, bugun guduma ba ya kaiwa ga harsashi. Wajen ɗuri ma ba a taɓa gudumar, buɗe ƙofar gefe kaɗai ya isa gidan ya juya. Irin wannan ana iya cika ramukanta duka shida. Sai dai tsohuwa da sabuwa sun yi kama ƙwarai a ido, wanda ya ɗauki tsohuwa a zaton sabuwa ce ya sa ransa cikin hatsari. Don haka ne cikin 1982 kamfanin ya yi shelar a kawo tsofaffin ya gyara su kyauta.

A Nijeriya dai libarba ba kayan kowa ba ce. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa ta cikin makaman da aka haramta, sai da iznin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta mai cin harsashi tana bukatar lasin daga Sufeto-Janar na 'yan sanda, ita kuwa wadda ake ɗurawa ta baki, watau adaka ko bindigar toka, lamarinta yana hannun Kwamishinan 'yan sanda. Duk mai gadin da aka miƙa wa bindiga ya kamata ya tambayi takardarta, gama ranar da magana ta tashi, wanda aka kama da ita a hannu shi zai fara amsa tambaya.

Adakar da ke hannun maharba da 'yan banga a ƙauyuka irin su Ushafa tana nan a matsayin tsohuwar libarba, har ma ta fi ta hatsari. Ba ta da ƙarfen kariya ko kaɗan. Muddin an ɗura albarushi, an sa abin kama wuta a ƙarƙashin guduma, to faɗuwa, ko sarƙewa a reshe, ko gargadar hanya bisa babur, sun isa su tayar da ita. Abin da ya yi daidai da ramin nan da kaboyi ke bari fanko shi ne kada a sa abin kama wutar sai an zo harbi, a kuma cire shi kafin a shiga gida ko a hau mota.

Wajen ɗuri, kada a leƙa bakinta ko a ɗora hannu a kai, domin tartsatsin harbin baya yana iya saura a ciki. Kada a yi ɗuri bisa ɗuri don mantuwa, kada kuma a zuba mata garin da aka ciro daga harsashin zamani, gama ƙarfinsa yana fasa bututun a fuskar mai harbi. In an ja kunama ta ƙi tashi, a ci gaba da nuna bakinta inda ba kowa, a dakata, domin wani lokaci wutar jinkiri take yi. Ba a jingine ta a ɗure a ɗakin da yara ke shiga, ba a kuma nuna wa mutum ita da sunan wasa ranar biki ko hawan salla.

Mai gida a Kudu ya ɗauki mai gadi ne don ya tsare rai da dukiya, iyali kuma suna can gida suna jiran saƙon ƙarshen wata. Bindigar da ta tashi da kanta tana iya raba mutum da hannunsa, ko ta kai shi gaban alƙali a kan jinin wanda bai yi nufin kashewa ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye, amin.