Bayan aikin wuya: watannin jinyar da dangi ke mantawa da su wajen haɗa kuɗi

Ranar da aka fito da mara lafiya daga ɗakin tiyata, saƙo ɗaya ne ke zagaya dandalin WhatsApp na dangi, daga Maradi zuwa Kano, Abidjan da Faransa: an yi aiki, an fito lafiya. Daga nan sai waɗanda suka yi karo-karo su sauke ajiyar zuciya, asusu kuma ya rufe. Amma ga wanda aka yi wa aikin wuya saboda jijiyar da ta matse, ranar nan ce mafarin wata jinya ta watanni, mai cin kuɗin mota, kuɗin gashi da motsa gaɓoɓi, wanda a Nijar aka fi sani da kine, ga kuma albashi ko cinikin da za a rasa. Ba kasafai ake sa wannan cikin lissafi ba.

Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, likitoci na ƙirga su daga C1 zuwa C7. Tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai aiki kamar matashi, a tsakiya kuma laka ce ta ratsa daga ƙwaƙwalwa zuwa baya. Jijiyoyin da ke kai saƙon motsi da ji zuwa hannu daga lakar suke fita, ta wasu ƙananan ƙofofi. Idan faifan ya tsage ya turo, ko ƙashi ya yi tsiro saboda shekaru, ƙofar sai ta ƙuntata. An fi samun haka tsakanin C5 da C6, da tsakanin C6 da C7. Shi ya sa mutum zai yi ta kuka da kafaɗa da yatsu alhali matsalar a wuya take: jijiyar C6 tana kaiwa babban yatsa, ta C7 yatsan tsakiya, ta C8 kuma ƙaramin yatsa.

Galibin masu wannan ciwo suna samun sauƙi da magani da kine ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Ana zuwa ga tiyata ne idan zafin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko hannu ya fara rasa ƙarfi, ko kuma lakar kanta ce ta matse. Aikin da aka fi yi ta gaban wuya ake shiga, hanyar da likitocin Amurka Smith da Robinson da kuma Cloward suka fito da ita a shekarun 1950. A cire faifan da ya lalace, a sa wani abu a gurbinsa, wani lokaci a ɗaure da ƙarfe da kusoshi, a bar ƙasusuwan biyu su haɗe su zama ɗaya.

Abin da wuƙa ke yi da abin da ba ta yi

Tiyata tana buɗa wa jijiya wuri ne kawai. Zafin nan mai sauka hannu kamar wutar lantarki sau da yawa yakan lafa cikin kwanaki, wasu ma tun farkawarsu. Mutuwar yatsu da raunin hannu kuwa ba sa gaggawa. Jijiyar da ta ji rauni tana tsirowa ne da kimanin milimita 1 a rana, kuma daga wuya zuwa kan yatsa tafiya ce mai nisa. Wanda ya shekara biyu da matsattsiyar jijiya kafin a yi masa aiki zai iya kai shekara yana jiran abin da zai dawo, kuma akwai wanda ba zai dawo masa duka ba.

Idan laka ce ta matse, har mutum ya fara tangaɗi ko ya kasa ɓalle maɓallin riga, babban burin aikin shi ne a tsayar da lalacewar. Abin da aka samu a kan haka riba ce. Dangi da yawa ba su ji wannan bayani da kyau kafin aiki, sai bayan wata biyu a fara cewa likita ya ci kuɗi a banza, a kama hanyar mai ɗori.

Shi ma ƙashin yana da nasa lokaci. Fata na rufewa cikin mako biyu, amma haɗewar ƙasusuwa kan ɗauki wata 3 zuwa 6, wani lokaci har shekara. Tabo ya bushe, mutum ya ga kamar ya warke, alhali a ciki aiki bai kammala ba.

A makonnin farko, wahalar haɗiya da dashewar murya ba abin mamaki ba ne, tunda an ture maƙogwaro gefe kafin a kai ga ƙashi. Kunu, koko da fura mai ruwa-ruwa sun fi tuwo da nama sauƙin wucewa, kuma galibi abin yakan wuce da kansa. Abin tallafe wuya, wanda ma'aikatan asibiti ke kira kolye, wasu likitoci na sa shi na makonni, wasu ba sa sa shi sam. Ya danganta da yawan ƙasusuwan da aka haɗa. Wanda aka sa wa kada ya cire don zafin rana, kada kuma ya zarce wa'adi don tsoro, domin naman wuyan da ya daɗe a ɗaure yakan yi laushi.

Likitoci da yawa na hana ɗaukar abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5 a wannan lokaci. A takarda abu ne mai sauƙi. A cikin gida kuwa, bidon ruwa na lita 25 ya ninka haka sau biyar, ga tallar kaya a ka, ga daka, ga jan guga, ga goyo. Matar da aka yi wa aiki ta koma gidan da ita ce mai girki da ɗiban ruwa, babu yadda za ta kiyaye dokar likita idan ba a samo mata mai taimako ba. Ɗan uwan da ke waje ya biya mai aiki na wata uku ya fi masa amfani a kan sayo kwalaben ƙarin kuzari. Ga namiji, babbar jarabawa ita ce babur: ɗan kabu-kabu mai cin abinci daga cinikin yini, da wuya ya yarda ya ajiye makulli, alhali kowane rami wuyansa yake duka. Haka ma tafiyar bas daga Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, ta cancanci a tambayi likita kafin a yanki tikiti. Ruku'u da sujada su ma suna cikin abin da ake tambaya. Mara lafiya yana da rangwamen yin salla a zaune.

Taba da maganin bakin titi

Nikotin na ƙuntata hanyoyin jini, kuma an daɗe da sanin cewa masu shan taba sun fi fuskantar ƙin haɗewar ƙashi bayan irin wannan aiki, abin da kan iya kai wa ga tiyata ta biyu. Shisha da tabar baki ba su fita daga ciki ba. Sai magungunan zafi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake samu a tiren kowane mai talla: likitoci da dama na hana su a watannin farko saboda suna iya rage saurin haɗewar ƙashi. Tramadol kuma, matasan Nijar sun san inda ya kai wasu. Idan likita ya rubuta shi, na ɗan lokaci ne, da awo.

Aikin mai kine

Jama'a da yawa na ɗaukar kine a matsayin tausa da ɗumama. Bayan aikin wuya, tausa ce mafi ƙarancin abin da ake nema. Atisayen farko shi ne tafiya a ƙasa, tun washegarin aiki, ana ƙara nisa a hankali. Daga baya, sau da yawa bayan mako 4 zuwa 6 kuma da izinin likitan da ya yi aikin, mai kine zai fara koyar da janye haɓa baya don tada ƙananan naman da ke riƙe wuya daga ciki, da matse allunan kafaɗa, da juya kai iyakar inda ba ya ciwo. Akwai kuma motsin da ke sa jijiya ta riƙa zamewa a hanyarta ba tare da an ja ta da ƙarfi ba. Ga mai raunin yatsu, aikin ya haɗa da tsintar tsabar wake, murɗa makulli, riƙe alƙalami. Tela da makanike da mai gyaran waya sun san darajar wannan. Ga wanda lakarsa ta taɓu, ana koyon tsayuwa da tafiya kusan daga farko.

Ba kowa ke bukatar zama talatin ba. Wanda zafi kawai ya kai shi tiyata, hannunsa da ƙarfi, zama kaɗan da atisayen gida na iya isarsa. Wanda hannu ya raunana shi ne ba ya da zaɓi. Akwai ma waɗanda, kwanaki kaɗan bayan aiki, kafaɗa ke mutuwa su kasa ɗaga hannu saboda jijiyar C5. Yawancinsu na farfaɗowa cikin watanni, amma sai an riƙa motsa kafaɗar don kada ta daskare kafin ƙarfin ya dawo. Abin da babu wanda ya kamata ya yi, mai ɗori ne ko wanzami ko ɗan uwa mai ƙarfin hannu, shi ne murɗa wuyan ko jan sa don ya yi ƙara.

Matsalar ita ce inda masu kine suke. Sun fi taruwa a Yamai da manyan asibitocin jihohi, don haka mutumin ƙauye ko dai ya yi zaman haya a birni, ko ya daina zuwa bayan zama biyu. Ba Nijar kaɗai ba ce: binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2020 ya ƙiyasta mutum biliyan 2.4 a duniya na da larurar da ke bukatar irin wannan kulawa, kuma a watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na farko a kan ƙarfafa ta. Kafin ƙuduri ya iso Dakoro ko Tanut, dabarar da ke hannu ita ce wani daga cikin gida ya riƙa raka mara lafiya, ya ɗauki atisayen a bidiyo da waya, a ci gaba a gida, a riƙa komawa lokaci-lokaci don a duba.

Waɗanda aka kai Tunisiya, Masar, Indiya ko Kano su tabbatar sun dawo da rahoton tiyata a rubuce, da hotunan rediyo da IRM, da takardar da ta faɗi abin da aka hana da ranar da za a fara kine. Ba tare da su ba, mai kine na Maradi ba zai san ƙashi nawa aka haɗa ba, kuma ba zai yarda ya motsa wuyan da bai san abin da ke cikinsa ba.

Akwai alamun da ba a jiran ranar komawa asibiti a kansu: kumburin wuya tare da wahalar numfashi a kwanakin farko, zazzaɓi ko ruwa na fita daga ɗinki, sabon rauni a hannu ko ƙafa, da kasa riƙe fitsari ko bayan gida. Na farkon nan, jini ne kan taru ya danne hanyar iska, kuma ko tsakar dare ne ana tafiya sashen gaggawa.