Ɗakin Ɗaukar Sauti a Gida

Wanda ya fitar da gado daga ɗakin baƙi, ya girke makirufo da lasifika, yakan sha mamaki in ya saurari abin da ya ɗauka: murya kamar daga cikin rijiya. Ba laifin na'ura ba ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, yana bugun bangon siminti yana dawowa. Ƙwaƙwalwa takan haɗe wannan amsa-kuwwa da sautin farko, har mai magana ba ya lura. Makirufo kuwa ba shi da wannan dabara.

A shekarar 1895 Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ya fara gwaji da matasan kujeru, ya auna yadda abu mai laushi ke shanye sauti. Shi ya sa darduma, labule mai kauri da katifar da aka jingine a bango suke gyara ɗaki. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa don tare hayaniyar waje wahalar banza ce. Wannan sai bango mai nauyi da toshe kafofin ƙofa da taga.

Sannan a kiyayi kunne wajen haɗa sauti. Daɗewa cikin ƙarar da ta haura desibel 85 yana kashe ƙwayoyin ji na can cikin kunne, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake fitowa.