Manyan tayoyi: me ya sa birki ke rage ƙarfi, kuma ina mafita?

A Matamaye da ƙauyukan gundumar Kance, direbobi da dama masu Toyota Hilux kan cire tayoyin da mota ta zo da su, su sa waɗanda suka fi girma. Dalilin a fili yake: da an sauka daga kwaltar da ta taso daga Takeita zuwa Ɗan Barto, sai rairayi da kwazazzabai, kuma doguwar taya na ɗaga cikin mota daga ƙasa. Sai dai wannan canji yana rage wa birki ƙarfi, musamman idan mota ta sha lodin buhunan gero ko rake.

Birki a tsakiyar ƙafar mota yake kamawa, taya kuwa a bakinta take taɓa ƙasa. Duk lokacin da tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, ƙarfin da ke isa ƙasa raguwa yake. Taya mai lamba 205R16 tsayinta kimanin santimita 73 ne, mai lamba 265/75R16 kuwa ta kai santimita 80. Wannan bambanci kaɗai yana cinye kusan kashi 9 cikin 100 na ƙarfin birki, ban da nauyin babbar tayar, wanda shi ma sai birki ya tsayar.

Akwai kuma matsalar da direba ba ya gani. Allurar gudu juyin taya take ƙirgawa, don haka in ta nuna kilomita 80 a awa, motar tana gudun kusan 88. Ƙarin gudun nan yana tsawaita nisan tsayawa da kimanin kashi 20 cikin 100. A hanyar da amalanke da ƴan kabu-kabu da dabbobi ke ratsawa, ƴan mitocin nan ne ke raba tsira da hatsari.

Gyara yana farawa ne daga abin da ke jikin motar. Makanike ya duba plaket na gaba da kaurin disk, ya sa sababbi masu inganci in sun cinye. A baya, inda ake da tambur, a wanke ƙura, a ɗaure garnitir daidai, domin in ya saki, ƙafafun gaba kaɗai ke ɗaukar wahala har su yi zafi. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake so a sauya shi duk shekara 2, a fitar da iska daga tiyo. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, DOT 3 kuwa 205. Tiyon roba da ya tsage ko ya kumbura, a canza shi nan take.

Masu ƙara lam domin ɗaga bayan mota su lura da wata ƴar na'ura da ke kusa da gindin ƙafafun baya a tsofaffin Hilux. Ita ce ke auna nauyin kaya ta raba ƙarfin birki. In an ɗaga mota ba a sake saita ta ba, sai ta ɗauka motar wofi ce, ta rage wa baya birki alhali lodi ya yi nauyi.

Sa babban disk yana taimakawa, amma yana da tsada, kuma sai jantin ta isa ta ɗauke shi. Kafin a kai ga haka, direba ya rage gudu, ya ba motar gaba tazara, ya sauko da giya tun kafin ya shiga gari. Wanda ya sassauta iskar taya domin rairayi ya tsaya wurin mai faci ya mayar da ita kafin ya hau kwalta. Bayan kowane gyara, a gwada birki da kaya a kan mota, a hanyar da babu jama'a, kafin a ɗauki fasinja.