Tsira allura irin ta Sinawa: shin tana rage damuwa?

Mai karatu, idan kana tashi da asuba don tsere wa cunkoson motoci, ka dawo gida da dare wuyanka ya sandare, kanka na sarawa, barci kuma ya ƙi zuwa saboda tunanin kuɗin haya da na makaranta, to jikinka ne ke shaida maka damuwa ta yi yawa. Cikin hanyoyin da ake tallata wa masu irin wannan hali a manyan birane kamar Legas da Abuja akwai tsira allura, wato akufanca. Kafin ka kai jikinka da kuɗinka, ya kamata ka san abin da take iya yi.

Asalin wannan jinya daga ƙasar Sin ne, kuma ta haura shekara 2000. Masu ita suna cewa akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, idan ya toshe sai ciwo ya taso. Don haka ake soka allurai sirara kamar gashi a wasu gurabe na jiki, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara sunayen 361 daga cikinsu. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun da duniya ta gada.

Kada ka ɗauka ƙaho ce irin ta wanzamai. Ba a tsaga fata, ba a jan jini, kuma babu magani a cikin allurar. Za ka kwanta, a tsira maka allurai a wurare kamar hannu, ƙafa, goshi ko kunne, a bar su na kamar minti 20 zuwa 30, sannan a zare.

Likitocin zamani suna ganin allurar na taɓa jijiyoyi ne, jiki ya saki sinadaransa na rage zafi. Inda aka fi samun hujjar amfaninta shi ne ciwon jiki. A Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta amince a gwada ta ga mai yawan ciwon kai irin na ɗaurewar jijiya, a 2021 kuma ta ƙara da ciwon jiki mai daɗewa wanda ba a gano sababinsa ba. Amma game da damuwar zuciya kanta, hujjar ba ta yi ƙarfi ba. A gwaje-gwaje da dama, waɗanda aka yi wa tsirar bogi sun ce sun ji sauƙi kusan daidai da waɗanda aka yi wa ta gaske. Kwanciyar rabin awa a ɗaki shiru, babu waya, ita ma tana da nata rabon.

Idan ka yanke shawarar gwadawa, tambayi mai aikin takardar rajistarsa. Ka tabbata a gabanka aka ɓare sabbin allurai, domin allurar da aka yi wa wani amfani da ita na iya ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, su fara jin ta bakin likita.

Abu mafi muhimmanci, kada allura ta hana ka zuwa asibiti. Ciwon kai da faɗuwar gaba na iya zama alamar wata cuta, hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama sai an auna. Wanda ke shan magani kada ya daina. Idan baƙin ciki ya haura mako biyu, ka daina cin abinci, ko ka fara jin rayuwa ta ishe ka, likitan ƙwaƙwalwa kake buƙata, ba tare da jinkiri ba.