Takarda ko Sana'ar Hannu: Ina Hanyar Zama Wani Abu Take?

Tambayar da ake yi wa yaro a yau, cewa me yake son ya zama idan ya girma, sabuwar tambaya ce a ƙasar Hausa, domin a da gidan da aka haifi mutum shi yake amsa masa ita tun bai yi wayo ba. Ɗan maƙeri a bakin zugazugi yake tashi, ɗan majemi a majema, ɗan wanzami kuwa yana rataye da zabira a bayan mahaifinsa, kuma kowace sana'a tana da shugaban da fada ta san da zamansa, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska, waɗanda suke sasanta rigingimun 'yan sana'a tare da tsare mutuncinta. Wannan tsari shi ake kira sana'ar gado, wato aikin da ɗa yake karɓa daga hannun uba ba tare da an tambaye shi ra'ayinsa ba. Alherinsa shi ne da wuya a ga saurayi yana zaman kashe wando, illarsa kuwa ita ce yaron da Allah ya ba basirar da ta saɓa wa ta gidansu ba shi da inda zai kai ta, in ban da ƙofofi biyu da suke a buɗe ga kowa, wato karatun allo da fatauci.

Karatun boko ne ya buɗe ƙofa ta uku. Daga makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya kafa a Nassarawa ta Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa, 'yan bokon farko ba su da yawa, saboda haka duk wanda ya gama sai ya tarar da aikin malanta ko na akawu ko na asibiti yana jiransa a En'e. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sannan kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, mai digiri yakan fito ya samu aiki da gidan gwamnati da rancen mota kusan a lokaci guda. A wannan zamanin ne zukatan iyaye suka ɗaure a kan cewa takarda ita ce aiki, kuma ba a yi musu adalci ba idan aka ce kwaɗayi ne ya kai su, domin abin da idanunsu suka gani ke nan. Sai dai al'amura sun juya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ninka yawan ɗalibai, tsuke bakin aljihun gwamnati da aka shiga daga 1986 ya rage ɗaukar ma'aikata, masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antu da dama na Bompai da Sharaɗa a Kano suka rufe ɗaya bayan ɗaya. A yau kusan matasa miliyan 2 ne suke zana jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a kowace shekara, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka haye suka gama har suka yi bautar ƙasa, gida suke dawowa su riƙa zagaya ofisoshi da ambulan ɗin takardu a hammata. Daga nan ne maganar nan ta yaɗu a bakin matasa, cewa boko yaudara ce.

Duk lokacin da wannan muhawara ta tashi a majalisar hira, sunan da ake fara jefawa shi ne na Alhassan Ɗantata, a ce ai bai taɓa zama a aji ba amma ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Maganar gaskiya ce, amma rabinta ake faɗa. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, mutanen da fatauci ya zame musu jini, ya yi karatun allo, ya kuma yi shekaru yana bin hanyar Gwanja wajen cinikin goro, inda ɗan ayari yake koyon abin da babu littafin da zai koya masa: yadda ake gane goro mai daɗewa da wanda zai lalace a hanya, yadda ake lissafin riba a ka, wane fatoma ne mai amana, da kuma lokacin da ya kamata a sayar ko a riƙe. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suna neman wanda manoma da 'yan kasuwar ƙauye suka yarda da shi, sai suka tarar da mutumin da ya riga ya gama wannan makaranta. Har yanzu ana ba da labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai ajiya lokacin da banki ya buɗe a Kano a 1929. Ya rasu a 1955. Abin lura a nan shi ne zuriyarsa ba ta ɗauki rayuwarsa a matsayin hujjar ƙin makaranta ba, domin tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote sai da ya je Jami'ar Azhar ta Alƙahira ya karanci kasuwanci, haka kuma Abdussamad, ɗan Malam Isyaka Rabi'u wanda ya shahara a haddar Alƙur'ani da kasuwanci, a Amurka ya karanci tattalin arziki kafin ya kafa kamfanin BUA a 1988. Gidajen da suka fi kowa sanin kasuwa su ne suka fi kowa gane cewa kasuwar jikoki ba za ta yi kama da ta kakanni ba.

Saboda haka wanda ya yi nasara ba tare da boko ba, da wuya a ce ya yi ta ba tare da karatu ba, illa dai makarantarsa ba ta da allo da ƙararrawa. Koyon sana'a a hannun ubangida, wato mutumin da iyaye suke damƙa masa yaro amana ya horar da shi, yana da darussa a jere kamar kowace manhaja. Yaron gareji yakan shafe watanni ba ya taɓa inji, aikinsa wanke ƙarafa a cikin fetur da miƙo kayan aiki, har ya kai idan maigida yana kwance a ƙarƙashin mota ya ce a ba shi goma sha biyu, hannun yaron zai faɗa kan sifanar ba tare da ya duba lambarta ba. Daga nan a bar shi ya canza baƙin mai, ya kwance taya, ya wanke fulogi, kuma sai ya daɗe kafin kunnensa ya iya rarrabe ƙarar bel da ta boris. A shagon tela ma haka abin yake: sa maɓalli da guga da kalmasa su ne farko, almakashi kuwa shi ne na ƙarshe, domin yadin na mai kaya ne, kuma wanda ya yanka shadda ba daidai ba ana gobe Sallah ya jawo wa shagon abin kunyar da za a daɗe ana tunawa. A Kantin Kwari yaron shago yana farawa da shara da ɗaukar dila, ya kai ga riƙe aljihun ciniki, sannan idan amanarsa ta tabbata a yaye shi, wato ubangidansa ya ba shi jari ko kaya bashi ya tsaya da ƙafarsa. Dubban magidanta a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi ta wannan hanya suka gina gidaje suka aurar da 'ya'ya, kuma abin takaici ne a ce har yanzu akwai ɗan bokon da yake kallon irin waɗannan mutane a matsayin jahilai.

Sai dai son wannan tsari bai kamata ya rufe ido daga raunin da yake da shi ba. Babu wa'adin gamawa, don haka yaro yana iya shekara goma yana bauta idan ya faɗa hannun wanda ba ya tsoron Allah. Wasu iyayen gida sukan ɓoye sirrin aikin don kada yaro ya ƙwace musu masu kawo aiki. Babu kuma wata shaida a rubuce, ta yadda gwanin walda da ya fi kowa iya aiki a unguwarsu ba zai iya neman aiki a babban kamfani ko kwangilar gwamnati ba, sai dai wani mai takarda ya karɓo ya ba shi ƙaramin kaso. Babban ƙalubalen kuwa shi ne sana'o'in da kansu sun fara neman karatu. Motocin zamani suna ɗauke da kwamfuta a cikinsu, kuma ana gano cutarsu ne da na'urar da ake jonawa ta rubuto matsalar da lambobi da Turanci, ta yadda bakaniken da ba ya iya karanta abin da ta rubuto sai ya koma canke, yana canza kayan da lafiyarsu ƙalau da kuɗin mai mota. Mai haɗa wutar sola dole ya iya lissafin ƙarfin da kayan gida suke ja kafin ya san yawan faranti da batirin da za a saya. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yana koyon sababbin dabaru ne daga bidiyon intanet, matar da take sayar da turaren wuta ko ɗinkin hula daga cikin ɗakinta kuwa, da rubutu take ciniki a WhatsApp, ta kuma duba shigar kuɗi a wayarta. A Najeriya, ƙasar da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya yake ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, akasarinsu kuma a Arewa, gaya wa yaro cewa karatu ba shi da amfani zalunci ne, ko da wanda ya faɗa ya yi da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma burin da ba shi da wata hanya sai ta makaranta. Babu wanda zai zama likita ba tare da ya yi shekara 6 a jami'a ya kuma samu lasisi ba, haka lauya da mai haɗa magunguna da injiniyan da zai sa hannu a kan zanen gada, su ma sai da karatun jami'a da lasisi, kuma wannan tsanani rahama ce ga jama'a, domin kuskure a waɗannan fagage rai yake ci. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda Jihar Kano ta kafa a 1977, sun nuna abin da ake samu idan aka tsamo 'ya'yan talakawa masu ƙwaƙwalwa aka ba su malamai da ɗakin gwaji, domin likitoci da injiniyoyi masu yawa daga can suka fito. Al'ummar da take son mace ce ta duba matanta a asibiti kuwa ba ta da hujjar cire 'ya mace daga aji kafin ta gama sakandare.

Tarihin mutanen da suka yi fice yana nuna cewa baiwa ba ta bin layi ɗaya. Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta yake bayan takardar naira 20, a gida ta koyi ginin tukwane, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta kai fasaharta Turai da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kamar yadda ta ba Mamman Shata a 1988. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta koma ta ajin yaƙi da jahilci, ta zama marubuciyar da ake nazarin littattafanta a jami'o'i. Jelani Aliyu, wanda tun yana yaro zanen mota ne abin da ya fi so, ta kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya bi ya tafi Amurka, inda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Ali Nuhu labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, amma a fim ya yi suna. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya gane inda ƙarfinsa yake, ya samu wanda ya koya masa, ya kuma jure shekarun da ba a san shi ba.

Hukuma ta daɗe da sanin cewa haɗa hanyoyin biyu, wato takarda da sana'ar hannu, shi ne mafita, aiwatarwa ce take gagara. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a farkon shekarun 1980 an yi shi ne don yaro ya taɓa aikin kafinta da ƙarfe da lantarki tun a ƙaramar sakandare, amma injinan da aka sayo daga waje da yawansu a cikin akwatunansu suka ruɓe saboda rashin wuta da malamai. Wani yunƙuri mai ma'ana shi ne wanda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi da masu sana'ar kasuwar Panteka, inda ake gwada gwani a kan abin da hannunsa ya iya, a cike masa giɓin da yake da shi, sannan a ba shi takardar shaidar ƙwarewa da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa ta amince da ita. Irin wannan ya cancanci a kai shi Ƙofar Ruwa da marinar Ƙofar Mata a Kano da kowace babbar kasuwar masu aikin hannu.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da yake hannun iyaye. Kowane yaro, namiji ko mace, ɗan birni ko almajirin tsangaya, haƙƙinsa ne ya iya karatu da rubutu da lissafi, kuma a kan wannan babu sassauci. Bayan haka sai a dubi yaron da kansa: wanda hankalinsa yake kan littafi a tsaya masa har inda ƙarfi ya ƙare, wanda hannunsa yake ƙaiƙayin kwance rediyo a nema masa ubangida nagari tun yana makaranta, ya riƙa zuwa da yamma da lokacin hutu, a kuma yi yarjejeniya a gaban shaidu kan shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi. Idan kuma ya girma ya zo neman aure da kayan aikinsa da shagonsa, iyayen yarinya su tambayi halinsa da abin da yake samu ta hanyar halal, kada su mayar da shi don ba shi da digiri.